Yadda Na Sake Rubuta 'Yar Mai Agogo

Ummi, ajiye wayar nan ki saurare ni. Ku ma sauran ku matso kusa. Ɗazu da ana tattaunawa na ji kin ce kin gama littafi cikin sati biyu kina kwance a kan gado, har kina tambaya wai me ya sa Anti Rabi ta yi shekaru tana fama da littafin da ta riga ta rubuta tun ba a haife ki ba. Ban amsa miki a gaban baƙi ba. Yanzu da suka tafi, saura mu 'yan ƙungiyar marubuta, zan amsa miki, kuma kada wanda ya katse ni.

Lokacin da na fara, malamar firamare ce ni a nan Fagge. Mahaifina magatakardan kotu ne, gidanmu gidan takarda ne, amma takardar shari'a da ta addini. Ba wanda ya taɓa zama ya ƙirƙiri labari. Kayan aikina littafin 'yan makaranta ne mai layi, da shuɗin biro, da tiren shayi da nake kifawa a cinya ya zama tebur. In na yi kuskure babu wani maɓalli da zan danna ya goge. Sai dai in soke, in shafin ya yi baƙi da suka in yage shi in sake kwafewa daga farko. Har yau ga kanta nan a yatsana na tsakiya, wanda yake so ya zo ya taɓa. Da haka na rubuta littafina na farko, na sa masa suna Sa'adatu 'Yar Mai Agogo.

Ranar da na kai shi ɗab'i ba zan manta ta ba. Babu kamfanin da zai kalli rubutun mace 'yar shekara ashirin da 'yan kai, don haka kowa da kansa yake buga nasa. Aka kwatanta mini shagon Oga Emeka a Sabon Gari, cikin wani lungu, bayan masu sayar da kayan gyaran babur. Haifaffen Sabon Gari ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano, amma ji daban, karatu daban. Ya jujjuya littattafan rubutuna ya ce, "Malama, kwafi nawa kike so?"

Na ce, "Ba za ka karanta ba tukuna?"

Ya ce, "Ni mai inji ne. Ko sunayen awaki kika kawo mini zan buga. Karatu naki ne da masu saye."

Tafiretar shagon nan ba ta da haruffa masu ƙugiya. Ba ta san ƙ ba, ba ta san ɗ ba, ba ta san ɓ ba. In an gama bugawa sai marubuci ya zauna da siririn alƙalami mai baƙar tawada, ya bi kalma-kalma yana lanƙwasa kan kowane harafi da hannu, kafin a ɗauki hoton shafin a yi farantin da za a ɗaura wa inji. Na zauna a kan benci a shagon nan, inji yana ta ƙara, warin tawada da kananzir yana hawa kaina, ina ta sa ƙugiya har idona ya koma ganin biyu-biyu. Duk da haka wasu suka kuɓuce. A wurin da ya fi kowane tsanani a labarin, na rubuta cewa tsoro ya ratsa Sa'adatu har cikin ƙashinta. Ƙugiyar ƙ ba ta hau ba. Ku cire ta ku karanta da kanku. To haka littafin ya fita, haka ya zaga Kano da Zariya da Katsina. Kuna dariya. Ni ban yi ba, domin ɗalibaina 'yan aji shida ne suka fara nuna mini.

Amma littafin ya karɓu. 'Yan kasuwar littafi na wajen Bata da na cikin kasuwar Sabon Gari suka riƙa aikowa a ƙaro. Su kuwa ba karantawa suke yi ba, bango suke kallo su auna kauri a tafin hannu. Su ne suka koya mini mugun halin raba labari kashi uku. Wani Alhaji daga cikinsu ya ce, "Malama, labari ɗaya littafi ɗaya ai asara ce. Ki ja shi. A ƙarshen na ɗaya ki sa yarinyar ta suma." Da aka zo sake bugawa na ja shi kuwa. Inda labari ya ƙare sai in shiga kwatanta falo, labule kaza, kujeru kaza, har kalar kofin da aka kawo lemo.

Mai saye guda ɗaya ce take karantawa kafin ta saya, Hajiya Ladi. A gidanta da ke layinmu take ba da hayar littafi. Akwatunan ƙarfe ne cike a ɗakinta, matan unguwa su aiko a karɓar musu, su karanta kwana ɗaya ko biyu su dawo da shi. Hajiya Ladi ba ta yi boko mai nisa ba, yaƙi da jahilci ta yi, amma in tana son ta san darajar littafi gefensa take dubawa. Shafin da ya yi dauɗa ya yi laushi, nan mata suke maimaitawa. Shafin da ya zauna fari fes, nan suke tsallakewa. Ita ta fara nuna mini cewa duk shafukan falona farare ne tas kamar ba a taɓa buɗe su ba.

Koyon aikin kuwa sai bayan littafin ya fita na fara shi, wato na sa riga sannan na zo ina neman wanka. Malam Tanimu abokin mahaifina ne, tsohon malamin Hausa da ya yi ritaya. Ya sayi kwafi da kuɗinsa, ya aiko a kira ni zaurensa. Na tafi ina tsammanin yabo. Na tarar da littafina ya yi ja da biro kamar an yanka kaza a kansa.

Ya ce, "Rabi, yaushe mai agogon ya rasu?"

Na ce, "Malam, ai bai rasu ba."

"To ina ya shiga? Kin sa shi a sunan littafi, ya fito a farko ya ce sannu, ban sake ganinsa ba. Shi kuma wannan saurayin nata matuƙin jirgin sama, ke kin taɓa shiga jirgi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Ya nuna."

Na ce masa, cikin ladabi dai, ai littafin yana ta sayuwa. Ya ce ƙosai ma yana sayuwa, amma ba a ajiye shi zuwa gobe. Na koma gida da fushi na ce ba zan sake taka zauren nan ba. Asabar ta zagayo na koma. Haka na riƙa zuwa duk Asabar har shekaru, ina durƙushe a gefen tabarma. Bai taɓa rubuta mini jimla ko ɗaya ba. Sai dai ya ce in karanta da ƙarfi. Inda numfashina ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, ya ce a nan za a sa aya. Inda mutum ya yi magana a littafi, ya tambaye ni, "A bakin wa kika taɓa jin wannan? Wace mace ce a Fagge take cewa 'haƙiƙa zuciyata ta kasance cikin wani yanayi'?" Ya kan tura ni gidan suna ko layin asibiti ya ce in zauna in yi shiru in dawo masa da maganar mutane yadda ta fito daga bakinsu. Ku kuwa yau in an gyara muku waƙafi ɗaya sai ku fita daga zauren ƙungiya na waya ku ce an yi muku hassada.

Sai muguwar shekara ta zo. Takarda ta yi tsadar da Oga Emeka ya koma sayenta rim ɗaya-ɗaya, wato ƙunshi guda yau guda gobe. Kaset ɗin fim ya shigo gidaje, matan da suke aikowa wurin Hajiya Ladi suka koma aikawa shagon haya na kaset. Ina cikin wannan na buga littafina na huɗu, wanda na fi wahala a kansa, wanda Malam Tanimu ya karanta ya ce, "To, wannan da dama." An gama bugawa, an jera takardun a ƙasa ana jiran a naɗe a ɗinke, sai aka yi ruwan nan na Agusta kamar da bakin ƙwarya. Kwatar lungun ta toshe, ruwa ya shiga shago har gwiwa. Da na je na tarar da Oga Emeka ya naɗe wando yana kwasar ruwa da bokiti, matarsa da 'yarsa Ngozi suna shanya takardu a kan rufin motocin mutane. Ya ɗago wani dami ya miƙo mini, ya manne ya zama dunƙule kamar curin tuwo. Ya ce, "Malama, yi haƙuri. Farantan suna nan. In takarda ta sauko zan sake buga miki, aikin inji ba zan karɓi komai ba." Ya cika alkawari, amma sai da aka shekara, kuma lokacin kasuwa ta riga ta juya mana baya. 'Yan kasuwar da suke aikowa a ƙaro suka fara dawo da ragowar tsofaffin littattafai a buhu. Na rasa inda zan zuba su, aka sayar wa masu awo a kilo. Wata safiya na sayi ƙosai a bakin makarantarmu, aka ƙunsa mini shi a shafin Sa'adatu. Na cinye ƙosan. Da yawa daga cikin waɗanda muka fara tare a shekarar nan suka bari, wasu suka koma rubuta labarin fim, wasu suka koma sayar da atamfa a kasuwar Kwari. Ni albashin koyarwa ne ya riƙe ni, na ci gaba da rubutu a hankali, littafi ɗaya a shekara biyu ko uku.

Yanzu na zo kan tambayarki, Ummi. Shekarun baya kaɗan Ngozi ta kira ni. Oga Emeka ya tsufa ya bar mata shagon, ta zuba kwamfuta da sabon inji, ita kuma ba kamar mahaifinta ba, tana karanta Hausa har ta kama maka kuskure. Ta ce tana gyaran sito ta tsinci kwafin Sa'adatu, kuma mata suna yawan tambayarta ko za a sake bugawa. Ni kaina ba ni da kwafi ko ɗaya, duk an ara ba a dawo ba. Na hau adaidaita na je na karɓo, na ce mata ta ba ni sati ɗaya in gyara ƙugiyoyi.

Na buɗe shafin farko da jan biro a hannu. Kafin in kai shafi na goma na ajiye biron, domin ba aikin biro ba ne, aikin gatari ne. Yarinya 'yar mai gyaran agogo a bakin titi, amma ɗakinta da na'urar sanyaya ɗaki. Ta suma a ƙarshen kashi na ɗaya, ta suma a na biyu, in aka yi mata albishir ma suma take yi. Matuƙin jirgin nan na sa shi ya buɗe taga yana cikin gajimare ya shaƙi iska yana tunaninta. Uban kuwa, a fitowarsa guda ɗaya, na rubuta wai ya ɗiga wa agogo man gyaɗa. Duk abin da Malam Tanimu ya faɗa, Allah ya jiƙansa, yana nan, har da waɗanda ya tausaya mini bai faɗa ba. Na kira Ngozi na ce ba za a buga wannan da sunana ba. Sabo zan rubuta.

Aikin da na fara yi shi ne neman mai agogo. Na samu wani tsoho a wajen Bata, da ɗan akwatinsa na gilashi a gindin bango. Kwana biyun farko ko kallona bai yi ba, ya ɗauka ma'aikaciyar haraji ce. Daga baya ya saki jiki, ya bar ni in zauna a gefen bencinsa. Na ga yadda yake maƙala ɗan gilashi a ido ɗaya, yadda yake ɗaukar ƙusa mai ƙanƙantar ƙwayar gero da hantsaki, yadda yake riƙe numfashi in zai zaunar da ita. Ya ce mini waya ta kashe musu sana'a, yanzu batir kawai ake kawowa a canja. Na dawo na zauna na rubuta sabon littafi tun daga tushe. Na kori matuƙin jirgi, na rushe falo, na hana Sa'adatu suma, na ba ubanta rabin littafin. Kowace jimla na karanta ta da ƙarfi. Da na gama na san ban taɓa rubutu mai tsabtar wannan ba.

Na kai wa Hajiya Ladi. Ta tsufa, ta daina haya, akwatunan suna ƙarƙashin gado, amma da tabarau tana karatu. Bayan kwanaki ta aiko in zo. Na tarar ta ɗora takardun a kan filo.

Ta ce, "Rabi, wannan littafin waye?"

Na ce, "Hajiya, Sa'adatu ce na gyara."

Ta ce, "A'a. Wannan wata baiwar Allah ce mai hankali, mai magana ɗaya-ɗaya kamar lauya. Uban dai na yarda, ya fito mutum, har na yi masa ƙwalla. Amma Sa'adatu kin wanke ta har ta koɗe. Ina faɗan da ta yi da gwaggonta a bakin rijiya? Ina inda ta ce wa mai kuɗin nan ya tafi da motarsa, ita ba taya ba ce?"

Na ce, "Hajiya, wannan duk rashin tsari ne. Yarinta ce."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Yarinta ce mana. Yarinya kika rubuta. Ke yanzu kin kusa sittin, kin zo kin cusa mata bakinki. Kin san mata nawa suka haɗa baƙi a kan littafin nan a ɗakin nan? Akwai wadda ba ta iya karanta katin asibiti ba sai da ta yi naci a kan Sa'adatu. Akwai masu sunanta a layin nan, sun yi aure sun haihu. Ki je ki ce musu kin canja ta, don ke yanzu kin iya."

Na ce ai littafina ne. Ta ce, "Da naki ne. Tun ranar da kika sayar ya zama namu."

Na fito raina a ɓace. Shekara guda da rabi na aiki, tsohuwa ta rushe shi tana kishingiɗe. Na yi wata ban taɓa takardun ba. Amma kafin in fito ta jawo akwati ta ba ni tsohon kwafinta na haya, wanda ya sha hannu har bangon ya zama kamar tsumma. Wata rana na ɗauko shi na bi shafukan da suka fi dauɗa. Duk wuraren da Sa'adatu take magana ne. Na karanta su da ƙarfi, ni kaɗai a tsakar gida, sai na ji muryar 'yan matan layinmu na wancan zamani, da tsiwarsu, da karin maganarsu, da yadda suke katse mutum. Ban san na iya kama wannan ba a lokacin, kunnena ne kawai yake sabo. Yanzu ko an ɗaure ni ba zan iya ƙirƙiro ta ba, domin 'yan matan sun zama kakanni, ni ma haka.

Sai na koma aiki karo na uku, kuma shi ya fi duka wuya. Na shimfiɗa tsoho a dama, sabo a hagu. Uban na ɗauko shi daga sabo. Bakin Sa'adatu na bar mata abinta yadda yake a tsoho, ko da jimlar ta karkace, in dai haka mutum zai faɗe ta. Falo bai dawo ba. Matuƙin jirgi ya zama direban motar haya mai zuwa Legas, domin wannan na san irinsa, na san warin rigarsa. Suma na bar mata guda ɗaya, saboda Hajiya Ladi ta ce in na cire duka ba za ta yafe mini ba. Wahalar ita ce ɗinkin, yadda mai karatu ba zai ga inda zaren yarinya ya ƙare na tsohuwa ya fara ba. Shafi ɗaya sai ya ci mini sati. Da na mayar mata, ta karanta ta ce, "To, yanzu ta dawo gida, kuma ta samu uba." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Ranar bugawa ina tsaye a kan Ngozi, an ɗaura faranti, an jera takarda. Na ɗauki shafin gwaji ina dubawa, sai idona ya faɗa kan wata jimla. Ba kuskuren harafi ba ne, nahawunta daidai yake, amma ba ta zauna ba, kalma ɗaya ta yi mata yawa. Na ce, "Ngozi, dakata."

Ta ce, "Mama, sau nawa ke nan? Na canja miki faranti, na sake canjawa. In na biye miki jikokinki ne za su zo karɓar littafin nan."

Na ce kalma ɗaya ce tak.

Ta ce, "Ki ajiye ta, ki sa a littafi na gaba." Ta juya ta yi wa mai inji alama da hannu, inji ya tashi.

To ga shi nan, na zo muku da kwafi kowa ɗaya, ba sai kun biya ba. Jimlar tana ciki, tana nan yadda take, duk lokacin da na buɗe wurin sai ta tsone mini ido. Ba zan gaya muku shafin ba. Ku je ku karanta, da ƙarfi, ba a zuci ba. Wanda ya gano ta ya zo ya same ni a gida da nasa rubutun, mu zauna. Wanda ya karanta har ƙarshe bai ji inda ta yi tuntuɓe ba, ya ci gaba da gama littafi a sati biyu, Allah ya ba da kasuwa.